Aikin Talabijin a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shiga, Ƙarin Girma da Riƙon Jama'a

Tambayoyin da matasa ke yi kan aikin talabijin kusan iri ɗaya ne, ko daga bakin ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo tasha, ko ma'aikacin da ya daɗe yana jiran ƙarin girma. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa a matsayina na wanda ya daɗe a bayan kyamara.

Dole ne sai na karanta aikin jarida?

Ba dole ba ne, amma takarda tana da ranarta. In tashar gwamnati kake nema, da ita za a yanke matakin da za ka fara: mai digiri kan shiga a matakin albashi na 8, kuma iyawarka ba za ta sa a tsallakar da kai wannan ƙa'ida ba. Mai son karatun fannin kai tsaye yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a nan gida, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, wadda dama don horar da ma'aikatan talabijin aka kafa ta.

Sai dai tasha ba 'yan jarida kaɗai take buƙata ba. Wanda ya karanta Hausa ko Larabci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da abin da ɗakin fassara ke nema ruwa a jallo. Wanda ya karanta aikin gona zai yi shirin albasa da shinkafa da manomin Wurno ko Goronyo zai kalla har ƙarshe, don ya ji mai maganar ya san noman rani ya san na damina. Injiniya kuwa, ranar da na'urar watsa shirye-shirye ta tsaya, kowa sunansa yake kira, har janar manaja.

Waɗanne ƙofofi ne a buɗe a nan Sakkwato?

Manyan biyu ne: NTA Sakkwato ta gwamnatin tarayya, da gidan talabijin na Rima na gwamnatin jiha. Bayan su sai wakilcin tashoshin Legas, Abuja, Kaduna da Kano, masu buƙatar wanda zai riƙa aiko musu rahoto da hoto daga nan. Akwai kuma ƙananan kamfanonin ɗaukar hoto masu yin talla da tarurruka da tafsiri, da tashoshin intanet.

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa abin yake haka. Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi ne a Ibadan a 1959, a hannun gwamnatin Jihar Yamma. Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan wannan ƙasa ta Sakkwato. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA. Sai a 1992, da aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, 'yan kasuwa suka samu damar mallakar tasha, irin su Channels da AIT suka fito. To, tashar ɗan kasuwa talla take bi, talla kuwa yana inda manyan kamfanoni suke. Shi ya sa har yau yawancin kujerun talabijin a garinmu na gwamnati ne, da tsarinsu na fayil da mataki da jira. Wanda ya gane haka tun farko ba zai ɓata ƙuruciyarsa yana fushi da tsarin da ya girme shi ba. Zai koyi yadda ake tafiya a cikinsa, ya kuma buɗe wa kansa wata ƙofar a gefe.

Ba ni da kowa a sama. Ana ɗaukar mutum ba da hanya ba?

Ba zan ce maka hanya ba ta aiki ba. Tana yi, kowa ya sani. Amma abin da take bayarwa takardar kama aiki ce, ba ta sa a neme ka ranar aiki mai wuya. Ranar hawan salla, ko daren da ake jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, furodusa ba ya tambayar ɗan wane ne, wanda hannunsa ba ya rawa yake nema.

Yawancin waɗanda na ga sun shiga ba su da kowa, ta ƙasa suka bi. Sun ɗauki ƙafar kyamara, sun naɗe waya, sun tsaya a bayan mai tace hoto har dare suna kallon hannunsa, sun zama ma'aikatan wucin gadi, har ranar da aka buɗe ɗauka shugaban sashe ya tsaya musu da kansa. Hanya ce mai tsawo, kuma akwai cuta a cikinta, don wasu kan yi shekaru a wucin gadi kan ɗan abin da bai isa kuɗin kabu-kabu ba. Saboda haka ka sa wa kanka wa'adi. In ya cika ba a ɗauke ka ba, ka tabbata ka fita da sana'a a hannu: ka iya ɗauka, ka iya tacewa, ka iya rubuta rahoto.

Gaskiya ni burina in fito a allo, a san ni. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, ƙanena, kuma kada ka bari a sa ka jin kunyarsa. Tasha ba ta rayuwa ba tare da masu son tsayuwa a gaban kyamara ba. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka ɗauka fitowa a allon ita ce aikin.

Mai karanta labarai da mutane ke gani na minti talatin, kafin ya zauna an yi yini ana gina abin da zai faɗa. Wani ya fita cikin ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya ɗauko hoto a babbar kasuwa. Wani ya kira ɓangare na biyu don kada a yi wa kowa ƙage. Wani ya fassara, wani ya tace, wani ya duba yadda ake faɗin sunan ƙauyen da sarautar mai maganar. In mai karantawa bai taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ranar da rubutun ya ɓace a gabansa ana tsakar shiri kai tsaye, ko baƙo ya faɗi abin da ba a shirya ba, nan za a gane. Kuma kujerar allo ba ta da tabbas. Sabon shugaba zai zo da nasa zaɓin, sabuwar fuska za ta fito, a ce ka koma tebur. In tebur bai san ka ba, ka zama baƙo a gidanka.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da gari irin namu. A Sakkwato, wanda ya kalle ka da dare shi za ka tarar a sahun asuba, ya san mahaifinka, ya san gidan da ka yi aure. Suna a nan yana zuwa da sauri, yana kuma zuwa da hisabi. In ka ci mutuncin dattijo a hira don a ce kai mai zafi ne, ko ka yi wa wani ɗan siyasa kirari a cikin labarai, ba sai shugabanka ya kira ka ba, daga gida za a fara kira. Wannan nauyi ne, amma ni ina ganinsa alheri, don shi ke sa mai gaskiya ya daɗe. Ka nemi allon, ka roƙi a gwada ka, ka yi atisayen karatu da babbar murya kullum. Amma kada ka yarda wata ya wuce ba ka fita da kyamara ka kawo labarin da kai ka tono shi ba.

Sakkwatancina zai hana ni gaba?

A'a. A labarai dai ana son daidaitacciyar Hausa, don mai kallo a Bauci ko Maraɗi ya ji ba tare da tuntuɓe ba, kuma wajibi ne ka iya rubuta ta da ƙa'idojinta. Amma in ka fita hira a Gada ko Tangaza, "munka" da "anka" da ke bakinka su za su sa tsoho ya saki jiki ya gaya maka abin da ba zai gaya wa baƙo ba. Ka riƙe duka biyun. Ka ƙara da Turanci mai tsabta, don rahoton da za a aika Abuja da shi ake yi. In kana jin Fulfulde ko Zabarmanci, ka sanar da editanka tun ranar farko.

Akwai kuɗi a aikin? Kuma me za ka ce kan "na goro"?

Albashin tashar gwamnati albashin ma'aikacin gwamnati ne, ba ya sa mutum arziki. Waɗanda suka samu rufin asiri mai kyau, yawanci ta halattacciyar sana'ar gefe ne: ɗaukar tarurruka a ranakun hutu, haɗa talla, fassara, ɗora murya, ko shirya shiri da samo mai ɗaukar nauyinsa bisa ƙa'idar tasha.

Ambulan da ake miƙawa bayan taron manema labarai kuwa, na san halin da ake ciki, na san wasu tashoshin kan tura mutum aiki ba kuɗin mota. Duk da haka ka san me kake sayarwa. Wanda ya ba ka yau, gobe in labari ya taso a kansa zai kira ka da muryar mai bin bashi. Kuma manyan da ke bayarwa suna hira a tsakaninsu, sun san farashin kowa. Ranar da ake neman wanda za a damƙa wa ɗakin labarai, wannan hirar tana tasiri fiye da yadda kake zato.

Yaya ake hawa har a kai shugabanci?

A tsarin gwamnati akwai tsani: tabbatar da kai a aiki, jarrabawar ƙarin girma, edita, shugaban sashe, darakta. Janar manajan tashar jiha gwamna ke naɗa shi, babban daraktan NTA kuma shugaban ƙasa. Ana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ka lissafa naka tun yanzu, ka kula da fayil ɗinka, kada ka raina jarrabawa ko kwas.

Abin da ba a cika gaya wa matasa ba shi ne, aikin shugaba daban yake da aikin da ya kai shi kujerar. Gwanin rahoto in ya zama manaja, da safe dizal ɗin janareta zai tarar a teburinsa, da motar da ta lalace, da mai talla da bai biya ba, da jadawalin azumi inda kowane mai ɗaukar nauyin tafsiri ke son lokaci ɗaya, da ma'aikata biyu da ba sa ga maciji da juna. In kana da burin kujerar, fara shiga ofishin talla da na kuɗi da ɗakin injiniyoyi kana tambaya tun kana ƙarami. John Momoh ya yi suna a karanta labarai a NTA kafin tasharsa ta Channels ta fara aiki a 1995, kuma kowa ya san murya kaɗai ba ta riƙe tasha shekaru talatin.

An ba ni shugabancin sashe, kuma a ƙarƙashina akwai waɗanda suka haife ni. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a nan, kuma a kanta na ga matasa masu hazaƙa sun faɗi. Wasu kan zo da zafi, su fara da takardar gargaɗi, cikin ɗan lokaci sashe ya mutu a tsaye, kowa na cewa "to, yallaɓai" ba mai motsi. Wasu kuma kunya kan cinye su, su kasa gaya wa dattijo hotonsa bai yi ba, su riƙa gyarawa da kansu a ɓoye har su gaji.

Ka raba girma da aiki. Girman nasa ne, ka ba shi cikakke: ka riga shi gaisuwa, ka kira shi Baba ko Malam kamar yadda ka saba, ka je ta'aziyya, ka je suna. Kada ka taɓa gyara masa a gaban yaran da ya koyar. In akwai magana, ka je inda yake, ka rufe ƙofa, ka ce, "Baba, ina neman taimakonka, labaran ƙarfe bakwai suna makara, me ka gani?" Sau da yawa ya san dalilin fiye da kai, yana jira ne ya ga ko za ka tambaya. Amma lokacin labarai ba na kowa ba ne, kuma wannan ka faɗe shi a fili, ga kowa, sau ɗaya, ka kuma riga kowa kiyaye shi.

Sai abu biyu da ma'aikata ke auna shugaba da su, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Na farko, sunan wa ke fita in aiki ya yi kyau? In yarinyar da ke hidimar ƙasa ce ta kawo labarin, a faɗi sunanta a taron safe, a rubuta shi a allo. Na biyu, wa ke tsayawa in an yi kuskure? In aka kira daga sama ana faɗa kan rahoton da kai ka sa wa hannu, kai za ka amsa, ba ka tura ƙaramin ɗan rahoto ya sha shi kaɗai ba. Shugaban da ya yi wannan sau ɗaya, mutanensa za su kwana a tasha saboda shi ba tare da ya roƙa ba. Haka rabon tafiye-tafiye masu alawus da kwasa-kwasai: a yi shi a bayyane, bi da bi, don a nan ake fara zargin 'yan gaban goshi.

Ina tashar gwamnati. Zan iya aikin gaskiya kuwa?

Za ka iya fiye da yadda ake zato, ko da yake ba duk abin da kake so ba. Mai tasha yana da muradinsa, ko gwamnati ce ko ɗan kasuwa. Amma tsakanin yabon gwamna da zaginsa akwai fili mai faɗi da ba a cika nomawa ba: ruwan sha, farashin taki, makarantar da rufinta ya yaye, asibitin da ba ungozoma, a ƙananan hukumomi 23. Ka kawo hoto, ka kawo muryar mutanen, ka ba jami'in da abin ya shafa dama ya amsa. Irin wannan rahoto da wuya a hana shi, kuma sau da yawa yana sa a gyara.

Lokacin zaɓe ka san dokarka. Ƙa'idojin NBC sun wajabta adalci tsakanin jam'iyyu wajen ba da lokaci, dokar zaɓe kuma ta hana watsa tallan kamfe a cikin awa 24 kafin ranar jefa ƙuri'a. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Edita mai wayo ba ya cewa "ba zan yi ba", takardar yake buɗewa ya nuna tarar da za ta hau kan tasha. Ka shiga ƙungiya, NUJ ta 'yan jarida ko RATTAWU ta ma'aikatan rediyo da talabijin, kafin ranar da za ka buƙace ta. Kada kuma ka zama ɗan wata gwamnati, don gwamnati kan sauya, kai kuma kana nan.

Ni mace ce. Gida suna ɗari-ɗari, wasu na cewa aikin ba na 'yar mutunci ba ne.

Ƙanwata, garin Nana Asma'u ne wannan, wadda ta tsara 'yan taru suna kai ilimi ga mata har ƙauyuka tun ƙarni na 19. Mace mai isar da ilimi ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Kuma akwai labaran da namiji ba zai taɓa samowa ba, don ba za a shigar da shi cikin gida ba: haihuwa, tamowar yara, sana'o'in matan aure, halin zawarawa da 'yan gudun hijira.

Kada ki yi faɗa da gida. Ki kawo mahaifinki ko mijinki ya ga wurin, ya gaisa da shugabanki, a yi magana kan aikin dare tun farko. Ki nemi manyan mata a ƙungiyar mata 'yan jarida ta NAWOJ. In wani ya nemi ya haɗa ƙarin girma ko fitowa a allo da wata buƙata, kada ki yi shiru, ki ajiye shaida, ki gaya wa babbar da kika amince da ita. Kuma kada ki yarda a killace ki a shirin girki da na yara kaɗai in zuciyarki na ɗakin labarai. Ki koyi tace hoto, mata masu wannan hannun ba su da yawa, ana kuma nemansu.

In aka tura ni rahoto inda ba tsaro fa?

Kana da ikon cewa a'a. Yankunan gabashin jiha irin su Isa da Sabon Birni sun sha fama da 'yan bindiga, kuma labarin mutanensu ya cancanci a ji shi. Amma ba a tafiya sai da sanin edita, da wanda ya san hanya, da lokacin komowa. Ka rufe fuskar wanda ya yi maka magana in bayyanarsa za ta jawo masa bala'i. Shugaban da ya tura yaro irin wannan wuri don ya burge na sama, bai cancanci kujerarsa ba.

In zauna gida, ko in tafi Kaduna, Kano ko Abuja?

In dama ta zo, je ka. Kano na da Arewa24, wadda ta fara a 2014, da masana'antar shirya fina-finai. Abuja na da manyan ɗakunan labarai da ofisoshin kafofin waje masu sashen Hausa. Za ka ga kayan aiki da saurin da ba ka saba da su ba. Amma ka lissafa haya da nisa da iyaye, kuma ka san cewa a can kana cikin ɗaruruwa. A nan, wanda ya san fada, ya san malamai, ya san hanyar Illela da kasuwar kan iyaka, ya kuma iya aika hoto mai tsabta cikin awa ɗaya, shi manyan tashoshin ke kira in abu ya faru. Wasu sun gina suna a ƙasa baki ɗaya ba su bar Sakkwato ba. In ka tafi, kada ka yanke zumunci da tashar da ta koya maka.

Wayar hannu ba ta kashe talabijin ba?

Ta sauya inda ake kallo. Ko ita gwamnati ta fara ƙaura zuwa tsarin dijital tun 2016, daga Jos. Matasa a Facebook da YouTube da TikTok suke ganin labari, amma abin da suke gani hoto ne da murya da rubutu, aikinka ke nan. Abin da waya ta ƙara shi ne jita-jita, ta sa wanda ke tantancewa kafin ya saki ya ƙara daraja. Ka buɗe shafinka, amma ka tambayi ƙa'idar tasharku, kada ka saki hoton da aka ɗauka da kyamararta kafin ita ta watsa.

Me zan kai in an kira ni gwaji?

Takardunka, da gajerun ayyuka biyu ko uku da ka yi da hannunka, ko da waya ka ɗauka. Rahoto ɗaya na minti biyu daga unguwarku, mai ɓangarori biyu, da murya mai fita sarai, don an fi yafe hoto mai rauni a kan sauti mai hayaniya. Ka haɗa da labari ɗaya da ka fassara daga Turanci zuwa Hausa. Ka kalli labaran tashar na mako guda kafin ranar, ka san sunayen shirye-shiryenta da lokutansu, ka zo da shawarar shiri ɗaya da ba su da shi, da wanda kake ganin zai iya ɗaukar nauyinsa. Ka iso kafin lokaci, ka gaida mai gadi da masinja, don su ma ana tambayarsu.